Dabinon da Yaya Ta Kai wa Madam

Ɗaurin zanin ne ya fara tsayar da idona. Ina hawa matakalar metro a Belleville wata safiya, sai na hango wata mata a gabana da goyo, ta ɗaure shi da zani da majanyi irin ɗaurin gida. Ban daɗe da zuwa Paris karatu ba, kuma kewar Damagaram tana damuna, don haka na ƙara sauri. Da na matso na ga goyon ba jariri ba ne. Ƙafafun yarinyar sun sauko har kusan gwiwar uwar, takalmanta masu ƙarfe a gefe suna bugun cinyoyinta. Da hannu ɗaya matar tana jan keken guragu a naɗe, yana ƙara a kan kowane mataki.

Na kama keken ban tambaya ba. Ta juyo ta yi mini godiya da Faransanci, ni kuma bakina ya riga ni, na ce, "Sannu da ƙoƙari."

Ta tsaya cak, mutane suna ratsa mu.

"Ke ɗiyar ina ce?"

"Damagaram."

"To riƙe shi da kyau, ɗiyar Damagaram, kar ki karya mini shi. Ni ta Maraɗi ce."

Tun daga ranar nake ce mata Yaya. Mijinta ya rasu tun yarinyar tana ƙarama. Ita kuwa yarinyar wahalar haihuwa ce ta taɓa ta: ƙafafunta ba sa ɗaukarta, hannuwanta a sanƙare, harshenta da nauyi, amma babu abin da ke wuce ta a ɗaki. Suna zaune a ɗakuna biyu a saman wani gidan abinci. Yaya tana aikin rabin yini a ɗakin cin abinci na wata lakwal, wato makaranta, tana raba wa yara abinci. Yarinyar tana zuwa wata cibiya ta yara irinta, wurin da sai da aka yi shekaru ana jira kafin a samu. Ban da wannan akwai wata mata da ke zuwa gida tana koya mata aiki da hannu, yadda za ta riƙe cokali, yadda za ta danna abu da yatsa. Ita wannan daga aljihu ake biyanta. Yaya tana ce mata mai hannu.

Ta taɓa lissafa mini abin da gidan ya tsayu a kansa. Akwai taimakon da gwamnati ke bayarwa saboda yarinyar, akwai ƙarin da ake ba uwa don ita kaɗai ke riƙe da ita, akwai taimakon haya, akwai katin likita na kyauta. Na ji da kunne ɗaya. A lokacin kaina yana wani wuri. Na tashi da ƙananan littattafan soyayya da muke haya a kasuwa, muna karantawa a ƙarƙashin tebur a aji, har na zo da wasu a cikin akwati. Ranar Lahadi nakan karanta wa Yaya tana yi wa yarinyar kitso.

"Wai wannan saurayin naki ba shi da aiki ne?" in ji ta. "Tun ɗazu yana jingine da mota."

"Yaya, jiranta yake yi."

"Ya zo ya jira a nan, akwai wanki."

Yarinyar takan ƙyalƙyale da dariya har kitson ya kuɓuce.

Wanda ya zo bai da mota. Mutumin Tawa ne ta ƙasar Adar, dogo, marar yawan magana, yana aikin sauke kaya a babbar kasuwar Rungis. Aikin dare ne, yana dawowa sa'ad da gari ke tashi, kuma hanyarsa ta zuwa gidan gwauraye da yake kwana ta bi ta ƙofar su Yaya. Wata safiya ya tarar tana saukowa da yarinyar a baya, motar cibiya tana jira, sai ya karɓi keken. Washegari ma ya bi ta nan. Daga baya ya fara zuwa da abin da ake bar wa ma'aikata a kasuwa, mangwaron da ya ɗan bugu, lemo, albasa.

"Ba'adare ko a Paris sai da albasa," Yaya ta ce masa.

"Ba albasar Galmi ba ce, Hajiya, amma za ta yi miya."

"Wa ya ce maka na je Makka?"

"Za ki je."

Ba ya shiga ɗakin. A bakin ƙofa yake tsayawa, hannuwansa da sanyin ɗakunan ajiya ya farfasa suna cikin aljihu. Ni da nake neman kallon ƙauna da kalamai masu daɗi, na daɗe ban ga komai ba. Yaya ce ta nuna mini inda zan duba. Ta ce in lura in yarinyar tana masa magana. Kowa, har ni, in ta fara jan kalma sai mu ƙarasa mata don mu rage mata wahala. Shi sai ya durƙusa ya jira, ko da motar tana ta ƙaho, har ta kai ƙarshe da kanta.

Ya aika maganar neman aurenta ta hannun wani Alhaji, ɗan kasuwa a unguwar Goutte d'Or, wanda ƴan gida ke kai wa al'amuransu. Aka kira kawun Yaya a Maraɗi ta waya, ya wakilta Alhajin. Ranar wata Juma'a bayan salla aka yi fatiha a bayan shagonsa, tsakanin dilolin atamfa. Na yi kuka fiye da amarya.

An yi maganar zuwa meri, wato ɗaurin aure na hukuma, kowa ya ce a bar shi tukuna. Hajiya matar Alhaji ta ce nasara takarda ya sani, abin da ba a rubuta a meri ba a wurinsa bai faru ba. Ba wanda ya yi nufin cutar gwamnati. Haka muka ɗauka dukanmu, har ni mai zuwa jami'a: akwai auren Allah, akwai na gwamnati, kuma gwamnati nata kawai take dubawa. Malam, kamar yadda muka koma kiransa, ya tare da jaka ɗaya da darduma.

Bayan biki Yaya ta zauna ta ƙulla dabino da alawa da cincin a ƴan ledoji, don kar a ce ta yi aure ta manta da wanda ya taɓa yi mata alheri. Aka kai wa maƙwabta, aka ba direban motar cibiya, aka ba mai kantin magani. Ƙulli mafi girma na Madam ne, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta unguwar, wadda ke riƙe da dosiyen yarinyar, wato fayil ɗin takardunta, tun rasuwar ubanta. Farar mata ce mai furfura, ta zo gaisuwar mutuwa har gida, ta cire takalmi a ƙofa. Yaya ta ce in raka ta, tunda Faransancina na lakwal ne, nata na titi.

Madam ta yi murna ƙwarai. Ta rungume Yaya, ta buɗe ƙullin nan take ta ɗauki dabino ta ci. Ta tambayi aikin ango, aka gaya mata. Sai ta ce, "Tare kuke zaune?"

"A ina zai zauna, Madam? Mijina ne."

Madam ta fitar da ƙwallon dabinon a tafin hannunta, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da mu, ba a bayan tebur ba. Ta yi magana a hankali, ni ina juyawa da Hausa.

Ta ce taimakon da ake bayarwa da sunan yarinyar ba a duba samun iyaye a kansa, wannan yana nan. Amma ƙarin da ake ba uwar da ke riƙe da ɗa ita kaɗai zai tsaya, tunda yanzu ba ita kaɗai ba ce. Taimakon haya da katin likita kuwa ana duba abin da ke shigowa gida gaba ɗaya, kuma akwai iyakar da in an wuce ta sai abin ya ragu ko ya tafi. Plafon suke ce mata. In aka haɗa albashin Malam da na Yaya, sun wuce ta.

"Gaya mata ba mu je meri ba," in ji Yaya.

Na gaya mata. Madam ta girgiza kai. Ta ce ba meri ake dubawa ba, rufi ɗaya da tukunya ɗaya ake dubawa.

"Da yawa muka wuce?"

"Kaɗan."

"To ai kaɗan ne."

Madam ta ce ta sani, amma dokar ba ta da wurin kaɗan.

Yaya ta juyo gare ni. "Gaya mata albashin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Yana ciyar da tsohuwarsa a Tawa, da marayun yayansa."

Madam ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta yarda, ta ga irin wannan sau da yawa, amma waɗanda ke kwana a gidan kawai ake ƙirgawa. Ta ce dole a sanar yanzu, don in aka bari aka gano daga baya za a ce a maido da duk abin da aka karɓa, kuma gara da Yaya ta faɗa mata yau. Da za mu fita ta sake yi mata fatan alheri.

Ni da Yaya muka kama hanya a ƙasa. Sai da muka kusa gida ta ce, "Dabino fa na kai mata, ƙanwata." Can kuma ta ƙara, "Ta ma ci."

Na kwana biyu ina neman wanda zan tsana. A littattafaina duk abin da ya shiga tsakanin masoya mutum ne, yana da fuska, yana da mugun nufi, kuma a shafin ƙarshe yana jin kunya. A nan na duba Madam, na duba Hajiya matar Alhaji, na duba Malam, ban samu kowa ba.

Suka sanar. Watanni kaɗan gidan ya fara nunawa. Haya ta yi nauyi, maganin da a da ba a biya yanzu sai an cika, ga ƙunzugun yarinyar, ga tasi ranar ganin likita. Malam ya nemi ƙarin awowi, amma abin bai cike ba. Aka rage zuwan mai hannu, daga baya aka ce ta dakata. Yaya tana ƙoƙarin yi wa yarinyar abin da ta ga ana yi mata, sai dai hannun ya fara komawa yadda yake. Wata Lahadi muna cin shinkafa cokali ya faɗi, Malam ya ɗauka ya goge ya miƙa mata, ya sake faɗi. Da ya faɗi na uku ta juya fuskarta bango ta ƙi cin abincin, har da na hannun uwarta.

Shawara ta zo daga ko'ina, kuma iri ɗaya ce. A shagon Alhaji, ana shan shayi, aka ce wa Malam ya koma gidan gwauraye, a rubuta wa ofishi cewa sun rabu, ya riƙa zuwa da rana. Aka ce wasu sun yi haka.

"In sa hannu cewa na rabu da ita?"

"Takardar nasara ce, Malam," in ji wani.

"Ni dai na tashi na ji ana cewa ba a wasa da kalmar saki, ko da baki ko da alƙalami."

Alhaji ya ce maganar tana da faɗi, ana duba niyya, kuma zai tambayi waɗanda suka fi shi sani. Malam ya gode masa. Ya ce ko malamai sun ce ya halatta, hannunsa ba zai rubuta ba, kuma ba ya son a zo gidansa ana leƙa ƙarƙashin gado ana neman takalminsa.

Maganar da ta fi nauyi a gabana aka yi ta, ina wanke kwanuka, yarinyar tana cibiya. Malam ya dawo daga aiki bai kwanta ba. Yaya ta zauna a gabansa.

"Malam, in ba za ka rubuta na ƙarya ba, ka yi na gaskiya. Ka sawwaƙe mini. Ba don ka yi mini komai ba. Ka ga hannunta."

"Na gani."

"To?"

"To ba zan yi ba."

"Taurin kan Adar ya tashi ke nan."

"Saurara, Hajiya. Akwai wanda muka yi aiki tare, yanzu yana kasuwar kayan gwari ta Lyon. Suna neman mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya kuma shugabanci ƴan sauke kaya. Albashin ya fi na nan nesa. Akwai ƴan garinmu a can, zan raɓa a ɗakinsu. Tunda an ce da kaɗan na wuce iyakar nan, bari in wuce ta da yawa. Mai hannu ta dawo, ni zan biya."

"Wane irin aure ne wannan, kai a Lyon ni a nan?"

"Irin na gidanmu. Ubana a Abidjan ya yi rayuwarsa, da damina muke ganinsa."

"Ni ba ubanka na aura ba."

"Ku biyo ni in an samu wuri."

Wurin shi ne matsalar. Yaya ba za ta cire yarinyar daga cibiyar da aka sha wahala kafin a samu ba, sai an samu wata a Lyon. Madam ta taimaka aka sa sunanta a jerin masu jira a can. Aka ce a yi haƙuri.

Na raka su tasha ranar tafiyarsa, zuciyata cike da abin da nake tsammanin gani. Jirgi yana tsaye, ana ta kiran fasinja, ga sanyi. Malam ya durƙusa ya yi sallama da yarinyar, ya jira har ta gama ce masa Baba ya dawo da wuri. Ya miƙe. Yaya ta miƙa masa kwanon abinci a ƙulle cikin tsumma.

"Ka maido mini da kwanona."

"In sha Allah."

"A sauka lahiya."

Shi ke nan abin da suka ce wa juna. Sai da jirgin ya ɓace ta ce in tura keken, hannunta ba ya jin daɗi.

Mai hannu ta dawo. Yarinyar ta koma riƙe cokali, daga baya ta iya danna allon da ke yi mata magana in harshe ya gaji, har tana aika wa Malam saƙo tana kai ƙarar uwarta. Yana zuwa ƙarshen mako in aiki ya bari, a motar haya mai arha wadda ke cinye rabin yini a hanya. Ya kwana biyu ko ɗaya ya koma. Wurin Lyon bai fito ba. Kowace shekara ana sabunta dosiye, kowace shekara ana cewa a jira.

Ni na gama karatu, na samu aiki a wani gari, na yi aure. Zumuncinmu ya koma na waya, gaisuwa a taƙaice, sai labari in an samu lokaci. A waya Yaya ta gaya mini ta yi ɓari, maƙwabciya ce ta kai ta asibiti, Malam bai iso ba sai washegari. Bayan wannan ba ta sake samun ciki ba. Ita ce ma ta canza maganar ta tambaye ni ko mijina yana da mota.

Sai da yarinyar ta cika shekara ashirin abin ya warware, ba don wani ya sassauta ba. Ta fita daga lissafin yara, taimakonta duka ya koma irin na manya, a hannunta, ba a duba samun iyayenta. Zamanta a cibiyar yara ma ya zo ƙarshe, kuma a lokacin aka samu wuri a wata cibiyar manya a gefen Lyon. Suka tattara suka tafi, bayan fiye da shekara goma.

Bara aiki ya kai ni Lyon, na je gidansu da la'asar, yarinyar ba ta dawo daga cibiya ba tukuna. Gida ne a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, Malam ne ya daɗe yana neman irinsa. Shi ya buɗe mini ƙofa, da farko ban gane shi ba. Gemunsa ya yi fari, bayansa ya tanƙware, yana tafiya yana dafa bango. An cire shi daga kan injin, an mayar da shi aikin rana, yana zaune yana karɓar kaya a ƙofar sito, likita kuma yana maganar yi masa aiki a baya. Bai samu ɗa nasa ba. Har yanzu yana aikawa Tawa, ko da yake tsohuwar ta rasu, marayun ne suka girma suka haifi nasu.

Yaya ta zuba shayi tana kai mini ƙararsa. Wai ba ya iya barcin dare, sai ya yi ta zagaya ɗakuna kamar mai gadi. Wai ya saba da zaman gwauraye, yana wanke kofinsa shi kaɗai ya ɓoye a saman kabad.

"Kuma ban taɓa sanin yana minshari haka ba, ƙanwata. Da yana zuwa kwana biyu na ɗauka gajiyar hanya ce."

"Hajiya, baƙuwa ce fa."

"Wannan? Ta san mu tun kana tsayawa a bakin ƙofa."

Ya yi murmushi, ya tambaye ni yarana, ya ce in kawo su hutu. Ina cikin ba shi amsa na ga kansa ya sunkuya, kofin yana hannunsa, barci ya ɗauke shi a kan kujera. Yaya ta zare kofin a hankali, ta sa masa matashi a bayan ƙugu. Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta rage murya, ta ci gaba da ba ni labarin yadda yake barin taga a buɗe cikin sanyi.